Gargaɗi ga Direbobin Maradi: Motar da Ke Wuyar Tashi Tana Karkarwa, Kada a Hau Hanya da Ita

Wannan kira ne na gaggawa daga Sabon Gari zuwa ga duk mai mota a Maradi da kewaye: direbobin tasi na cikin gari, masu Hiace da ke jigilar Tibiri da Madarunfa da Ɗan Isa, masu ɗauko kayan lambu daga Jiratawa da asuba, iyayen gidan gareji da yaransu, da 'yan uwanmu masu sayar da mai a bakin titi.

Idan sanyi ya shigo, ƙura takan taso. Duk wanda ya yi sammako a irin wannan lokaci zai ga ana tura mota a wannan lungu, a wancan kuma an ɗaga murfin inji ana tsiyaya masa fetur a maƙogwaro. Motar ta tashi da ƙyar, tana tari, tana karkarwa, tana zuba hayaƙi, sai ka ji an ce, "Halinta ne, in ta ɗau zafi za ta daidaita." A loda mata mutane da kaya, a kama hanya.

Wannan maganar ce muke roƙon a daina. Inji ba ya wuyar tashi haka kawai, kuma ba ya rawa a banza. Akwai abin da ya lalace, sau da yawa ma ƙaramin abu ne wanda kuɗi kaɗan za su gyara idan aka kama shi yau. In aka ƙyale shi, shi ne ke kai wa ga bugawar inji, ko gobara, ko mutuwar mota a tsakiyar titi da rayuka a cikinta.

Haɗarin da ke ciki

Na farko, injin da ke rawa yana iya mutuwa ana cikin gudu. Da zarar ya mutu, sitiyari zai yi nauyi, birki kuma in ka taka sau ɗaya ko biyu sai ya ƙage, domin daga injin suke samun ƙarfin da ke sa su laushi. Direban da wannan ya same shi yana tsaka da wuce tirela a hanyar Damagaram ko ta Ƙonni, ba shi da lokacin yin dabara.

Na biyu, silindar da ba ta ƙona manta tana aika ɗanyen fetur wuri biyu. Wani ya gangara ya tsinka baƙin mai, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe har inji ya buga. Wani ya bi salansa ya je ya ƙone a tukunyar tace hayaƙi, ta yi zafi har ta yi ja. A lokacin kaka, da busasshiyar ciyawa da kara da harawa ke ko'ina, ajiye irin wannan mota a kansu ya isa ya ta da wuta.

Na uku, motar da ta tashi da turi da safe ba ta yi maka alkawarin tashi da dare ba. Kowa ya san halin tsaro a wasu hanyoyin kudancin jiharmu. Ba wurin da za ka so ka kwana da mata da yara kana neman masu turi ba ne.

Me ya sa abin ya yi yawa

Shekara da shekaru Maradi ta dogara da man da ke shigowa ta iyakar Jibiya da Ɗan Isa, wanda 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe da jarkoki. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya tashi a can, wannan hanya ta ragu ƙwarai. A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, jama'a suka koma gidajen mai. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ta tarar da buƙatar da ta fi ta da, har aka shiga ƙarancin fetur a watan Maris na 2025, aka ga dogayen layuka a manyan garuruwan ƙasa.

Duk lokacin da mai ya yi wuya, abu uku kan faru. Direba ya riƙa zuba lita ɗaya ko biyu yana yawo da tanki a ƙasa, alhali man da ke cikin tankin ne ke sanyaya famfon mai, kuma a can ƙasa datti da ruwa ke kwanciya. Ana juye mai daga ganga zuwa jarka, daga jarka zuwa kwalba, kowane juyi da rabonsa na ƙura, tsatsa da raɓa. Sai kuma marasa tsoron Allah da ke ƙara masa kananzir ko wani abin domin ya yi auki. Ba duka masu sayarwa ke haka ba. Da yawansu mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, wasu ma ba su san abin da aka sayar musu ba.

Gurɓataccen mai kuwa ba a bakin titi kaɗai yake ba. A watan Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya sun tabbatar cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Aka janye shi daga kasuwa, Legas da Abuja suka shiga layin mai. Idan haka ta faru da man da ya zo a jirgin ruwa da takardunsa, ina ga wanda ya bi hannu biyar kafin ya iso tankinka?

Ga ƙurar hunturu da ke toshe filtar iska, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 yana dafa batir yana busar da tiyo har ya tsage. Zafi ne ke kashe batir, sanyin Disamba da Janairu ne ke tona asirinsa. Ga kuma motocin da suka sha ruwa a ambaliyar daminar 2024, wadda ta yi wa Maradi ɓarna mai yawa a ƙarshen watan Agusta. Wayar da ruwa ya taɓa takan ɗauki watanni tana tsatsa kafin ta nuna.

A bi bincike daki-daki

Injin fetur abu huɗu yake buƙata, kuma kowanne a kan lokacinsa: iska, mai, tartsatsin wuta, da matsi a cikin silinda. In ya ƙi tashi ko yana rawa, ɗaya daga cikinsu ne ya gaza. Aikin shi ne a gano wanne, a fara da mai sauƙi kafin mai tsada.

Fara da kunnenka. Ka murɗa makulli ka saurara. Idan ka ji ƙas-ƙas kawai, ko inji na juyawa a kasalance fitilun gaban direba na dusashewa, matsalar tana wajen batir, kawunansa, wayar da ke haɗe da jikin mota, ko sitata. Idan yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, nemi mai ko wuta. Idan ya kama sannan ya mutu, ko ya tsaya yana rawa, duba iska, mai, buji da matsi. Ka kuma lura da lokacin: da sanyin safe ne kawai, ko sai ya yi zafi? Bayan ka sha mai a sabon wuri ya fara, ko bayan wanke inji, ko bayan ka bi ta ruwa? Waɗannan amsoshi su ne rabin gyara, kuma direba ne kaɗai ke da su.

Batir. A sa masa mita, kada a tsaya ga gwajin haɗa waya a ga tartsatsi. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna kusan volt 12.6. Yayin da ake tayar da inji bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In inji na aiki, a ga tsakanin 13.5 da 14.5, ƙasa da haka, caji ne ba ya shiga, ko ka sayi sabon batir kwana kaɗan zai yi. A kankare farin garin da ke taruwa a kawunansa, a ɗaure su tam.

Mai. A motar injekta, in ka buɗe makulli ba ka tayar ba, za ka ji famfon mai ya yi ɗan gurnani na kamar daƙiƙa biyu daga wajen tanki. In shiru, a duba fis da rile kafin a ce famfo ya mutu. Sannan a ɗebi man a farar kwalba mai tsabta, a ajiye ta a inuwa nesa da wuta na ɗan lokaci. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa ka gan shi da idonka, datti ma haka. A ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda: fetur mai kyau zai bushe bai bar tabo ba, wanda aka haɗa da kananzir ko gazuwal zai bar maiƙo. Man da aka haɗa da kananzir yana sa wuyar tashi da safe, da hayaƙi, da wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ka taka totur a hawa. Wannan ƙara fistan take ci. In man ne, a juye tanki gaba ɗaya, a wanke shi, a sauya filta. Ƙara mai kyau a kan gurɓatacce ba ya fitar da ruwan da ya kwanta.

Iska. A ciro filtar iska a ɗaga ta a rana. In haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. Kada a cire ta a bar inji tsirara wai don ya sha iska, domin ƙurar Maradi yashi ce, tana shiga ta goge zobban fistan. A bi tiyoyin da ke tsakanin filta da inji ɗaya bayan ɗaya. Tsagewar da ba ta kai farce ba tana shigo da iskar da ba a auna ba, silo ya riƙa hawa yana sauka. Na'urar auna iska in ta yi datti, akwai maganin fesawa na musamman da ake wanke ta da shi. Ba a goge ta da tsumma ko fetur.

Wuta. A ciro buji, wanda a Katsina da Kano ake ce wa fulogi, a jera su yadda suke a inji, a karanta bakinsu. Launin ƙasa-ƙasa, lafiya. Baƙi busasshe, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai na haurowa ta zobba ko ta bawul. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko inji na zafi fiye da ƙima. Jiƙe da fetur, wuta ba ta zuwa. In guda ɗaya ya fita daban da sauran, a wannan silinda ciwon yake. A motar da kowace silinda ke da kwayil ɗinta, a musanya kwayil ɗin da ake zargi da na maƙwabciyarta. In rawar ta bi shi, shi ne. In ta tsaya inda take, ba shi ba ne, an tsira da kuɗin saye. Motar kuma da ke mutuwa in ta yi zafi, ta tashi bayan ta huce, a gwada sensar da ke lura da juyawar inji.

Matsi. Idan duk waɗannan lafiya suke, a sa ma'aunin matsi a kowace silinda. Ya kamata su yi kusa da juna. Wadda ta faɗi sosai tana nuna bawul da ya ƙone ko zobba da suka cinye. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ko baƙin mai ya koma kamar an dama shi da madara, alamun gasket ne. A nan sai a kashe mota, kada a ƙara ko taku ɗaya. Haka nan in bel ɗin tayimin ya tsallake haƙori, inji zai yi wuyar tashi ya rasa ƙarfi.

Kwamfuta. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, suna da wurin da ake jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Lamba P0300 na nufin silinda na fashin ƙuna nan da can, P0301 silinda ta ɗaya ce, P0171 kuma mai ya yi wa iska kaɗan. Lambar dai unguwar ciwo take nunawa, ba ta cewa ga kayan da za a saya. Kuma goge lamba ba gyara ba ne. Idan fitilar inji a gaban direba tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, a rage gudu, a nemi wuri a tsaya. Wanda ya liƙe ta da baƙin salatif, ko ya sa aka cire ƙwanta, kansa ya cuta.

Masu motar gazuwal, naku ya ɗan bambanta, tunda injinku ba ya aiki da tartsatsi. Wuyar tashi da sanyin safe tare da farin hayaƙi yawanci daga bujin ɗumama silinda ne, ko iska ta shiga layin mai, ko ruwa ya taru a gindin filta. A riƙa tsiyaye wannan ruwan. Manoman Jiratawa masu injin ban-ruwa, gwajin kwalba da na takarda ya shafe ku, domin man ɗaya ne, ciwon ma ɗaya.

Abubuwan da za a bari daga yau

Kada a zuba fetur a maƙogwaron inji ana murɗa makulli. Inji mai matsala yakan yi atishawar wuta ta baya, wutar ta bi man ta kama kwalbar da ke hannun yaro. Yawanci kuma yaron gareji ne ake sa wa wannan aiki, ɗan wani ne da aka ba ka amana.

Kada a gwada tartsatsin buji kusa da man da ya zube ko tiyon da aka kwance. A motar injekta man na cikin matsi mai ƙarfi, in aka kwance tiyo fesowa yake yi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da garwashin mai shayi ko guntun taba.

Kada a zuƙo mai da baki. Fetur kaɗan in ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya kashe shi. Wanda ya haɗiye, kada a sa shi amai, kada a tsaya ba shi madara ko manja. A kai shi asibiti nan take.

Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a murɗa ɗaya. A bar sitata ta huce kafin a sake. Nacin murɗawa yana ƙona ta, ya cika silinda da mai.

Kada a bar inji na aiki a rufaffen gareji ko zaure wai ana ɗumama shi. Hayaƙin na ɗauke da iskar guba marar launi marar wari. Ciwon kai da jiri su ne gargaɗinta, daga nan sai suma.

Kada a tayar da motar da ta mutu a cikin ruwa. Ruwa ba ya matsuwa, murɗa ɗaya na iya lanƙwasa sandar fistan. A ciro buji, a fitar da ruwan, a sauya baƙin mai tukuna.

In wuta ta kama, a kashe makulli, a fitar da kowa, a nisanta. Kada a wangale murfin inji, iska ke ƙara mata ƙarfi. Ba a kashe wutar fetur da ruwa, sai da tukunyar kashe gobara ko yashi. A kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.

Kira ga kowa

Maigida mai gareji, Allah ya ƙara wa hannu albarka. Muna roƙon a auna kafin a ce a sayo. Mita da ma'aunin matsi ba su kai kuɗin famfo ɗaya da aka sauya a banza ba. A daina cire na'urar daidaita zafin inji a jefar, domin injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai yana toshe buji. A nuna wa mai mota tsohon kayan da aka cire. Yaran da ke hannunka kuma, yadda suka ga kana yi haka za su yi har su buɗe nasu wurin.

'Yan uwa masu sayar da mai, a rufe jarka, a tace da kyalle mai tsabta, kada a zuba fetur a mazubin da ya ɗauki wani abu. Wanda ke haɗi ya ji tsoron Allah. Ribar da zai ci ba ta kai injin talakan da ya ci bashi ya sayi tasi ba, balle ran da zai salwanta a hanya.

Shugabannin direbobi a tasha, kuna da ikon da ba kowa ke da shi ba. Motar da sai an tura ta take tashi, kada a ba ta layi sai an gyara. Alhaji mai mota, in direbanka ya ce inji na rawa, kada ka ce ya lallaɓa ya kawo kuɗin yau. Kwana ɗaya a gareji ya fi wata guda ana neman kuɗin sabon inji.

Fasinja, Malam, Hajiya, ku ma kuna da baki. In kun ji warin fetur a cikin mota, ko kun ga ana tsiyaya mai a inji kafin a tashi, ku sauka ku jira wata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Muna kuma kira ga hukumomin da ke kula da ingancin mai da lafiyar motoci su ƙara sa ido, gidajen rediyon Maradi su yaɗa wannan bayani, limamai su ambata shi bayan salla. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba.

Direba, gobe da asuba kafin ka ɗauki kowa, buɗe murfin injinka, duba batir, duba filta, shinshina ko akwai warin mai, sannan ka saurari motarka. In ta yi gardama, gareji za ka nufa, ba tasha ba. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, ya kai kowa gida lafiya.